Ƙananan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki: me suke iya gani, me ke ɓata su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani a kan wasu kayan aiki da suka fara yawa a hannun ma'aikatan lafiya, waɗanda masu ba da tallafi da masu sayo kayan asibiti ke ɗokinsu ƙwarai. Muna nufin ƙananan na'urori masu araha da ake sakawa a aljihu ko a jaka, masu amfani da haske da gilashi da kyamara su ɗauko hoton bayan ido, ko bakin mahaifa, ko ɗigon jini. Muna goyon bayansu da zuciya ɗaya, domin suna kai duba inda babbar na'ura ba za ta taɓa zuwa ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake sayensu don araharsu kawai, ba a tambayi abu biyu ba: mene ne mafi ƙanƙantar abin da dole na'urar ta gani kafin a amince da ita, kuma ina za a kai marar lafiya idan ta gano ciwo.

Dalilin araharsu a fili yake. Kowace irin wannan na'ura abu huɗu ne a haɗe: fitilar LED, gilashin da ke tara haske, idon kyamara, da batir. Uku daga ciki masana'antar wayar hannu ta riga ta karya darajarsu saboda yawan da ake ƙerawa. Gilashin ne ya rage da tsadarsa, kuma a nan masu ƙera kayan banza suke rage kuɗi.

Bari mu fara da ido, domin a nan buƙatar ta fi tsanani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki da an iya hana matsalarsu ko har yanzu ba a kula da ita ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 masu ciwon a 2021, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon suga yana da wata illa a retina, wato shimfiɗar da ke can bayan ido wadda hoto ke sauka a kanta. Mugun halin wannan illa shi ne ba ta ciwo, ba ta ja ido, mutum yana gani sarai har sai ta yi nisa. Sai an leƙa ciki ake ganinta.

Tun 1851 da Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa ido ake iya wannan leƙe, amma mai leƙen kaɗai ke gani. Abin da waya ta ƙara shi ne hoto, wanda za a ajiye, a nuna wa wani, a kwatanta da na bara. Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar komai sai waya da gilashi mai ƙarfin 20D. Wannan lamba tana da ma'ana a aikace: a raba mita ɗaya gida 20, a sami santimita 5, kuma nisan da za a riƙe gilashin daga ido ke nan. Yana ƙara girman abu kamar sau uku, yana nuna fili mai faɗin digiri 45 ko fiye kaɗan. Akwai na 28D, mai nuna fili mafi faɗi da hoto mafi ƙanƙanta, wanda ake riƙewa kusan santimita 3 daga ido, an fi so da shi ga jarirai.

Kafin a ɗauki hoto sai an buɗa ƙofar ido, wato ɗan baƙin ramin tsakiya da haske ke shiga ta nan. A nan ne ake yawan yin ganganci. Da farko a auna ganin mutum a rubuta, domin bayan an ɗiga magani awon ba zai yi daidai ba. Sannan a haska tocila daga gefen kunne, a kwance, ta ratsa gaban ido. Idan hasken ya game baƙin ido duka, to gaban idon yana da zurfi. Idan rabin da ke wajen hanci ya shiga inuwa, gaban idon ya matse, kuma maganin buɗa ido na iya toshe magudanar ruwan ciki ya jawo hawan jinin ido na farat ɗaya. Irin wannan mutum ba a ɗiga masa, likitan ido ake tura shi. Wanda ya tsallake wannan gwaji ana ɗiga masa ɗigo ɗaya na tropicamide mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a jira minti 20 zuwa 30. Ido mai duhun launi yana jinkirin buɗewa, wani lokaci sai an ƙara ɗigo na biyu. A gaya masa zai ga dishi-dishi na awa huɗu zuwa shida, kada ya tuƙa mota ko babur, kuma idan ya ji ciwon ido mai tsanani, ko ciwon kai da amai, ko ya ga zobe-zobe kewaye da fitila, ya dawo nan take ko da dare ne.

Ɗaukar kanta ga yadda take. A rage hasken ɗaki. A sa waya a kan bidiyo, fitilarta a kunne, a mafi ƙarancin haske. Idan wayar ba ta rage haske, a manna filastar takarda ɗaya ko biyu a kan fitilar. A riƙe waya kamar santimita 30 daga fuskar mutum, a nemi jan hasken da ke dawowa daga ƙofar ido. Da an same shi, a kawo gilashi dab da ido da ɗaya hannun, ƙaramin yatsa a dafe a goshinsa don kada hannu ya yi rawa, sannan a riƙa janye gilashin a hankali har hoton bayan ido ya cika shi fal. Don ganin kan jijiyar gani a idon dama, a ce ya kalli kunnen dama na mai duba, a idon hagu kuma kunnen hagu. Tsakiyar retina, inda kaifin gani yake, ita ake bari ƙarshe, a ce ya kalli hasken kai tsaye, domin bayan nan ido zai yi hawaye ya fara ƙiftawa. Daga bidiyon ake tsamo hotuna masu kyau. A tuna hoton a juye yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu, kuma wanda ya manta da haka zai rubuta ciwo a gefen da babu shi.

Abubuwan da ke ɓata hoton sanannu ne, kowanne da dalilinsa. Fararen ɗigo biyu masu ƙyalli a tsakiya hasken fitila ne da ke dawowa daga gaba da bayan gilashi, ana kawar da su ta karkata gilashin kaɗan. Baƙar inuwa mai siffar jinjirin wata a gefe tana nufin fitila da kyamara da gilashi da ƙofar ido ba su hau layi ɗaya ba, kuma wayar da fitilarta ke nesa da idon kyamara ta fi yin haka. Wayoyi masu kyamara uku ko huɗu suna sauya kyamara da kansu idan abu ya matso, sai hoto ya yi tsalle ya ɓace, saboda haka a kulle waya a kan kyamara ɗaya. Kyamara kan maƙale a kan gashin ido ko bakin gilashi ta bar retina a dushe, maganinsa a danna fuskar waya a riƙe har saitin ya kulle. Tambarin yatsa ɗaya a kan gilashi ya isa ya sa hoto ya zama kamar hazo, har mai duba ya zaci yanar ido ce.

Yanzu ga tambayar farko. Da wannan hanya ana ganin kumburin kan jijiyar gani, da ramin da hawan jinin ido ke yi mata, da zubar jini mai girma, da rawayen tabo na kitse. Amma alamar farko ta illar suga ƙananan kumburin jijiyoyin jini ne, faɗinsu 'yan gomiyoyin maikuron ne kawai, kuma maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Hannu biyu masu motsi da gilashi a iska sukan tsallake su. Don haka waya da gilashin 20D sun dace da koyarwa, da neman shawarar likitan da ke nesa, da gano ciwon da ya yi nisa. Shirin tantance masu ciwon suga kuwa yana buƙatar kyamarar hannu da aka ƙera don aikin, mai gilashi a kafe, wadda ke ɗaukar hoto biyu a kowane ido, digiri 45 kowanne, ɗaya a kan tsakiyar retina, ɗaya a kan jijiyar gani. Kyamarorin da ake cewa ba sa buƙatar maganin buɗa ido suna son ƙofar ido ta kai wajen milimita 4, abin da tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwon suga da yawa ba sa kaiwa ko a ɗaki mai duhu. Kuma doka ɗaya muke roƙon a rubuta a bango: hoton da bai karantu ba, ba a rubuta masa lafiya lau. A sake ɗauka, in ya ƙi a tura mutum gaba, domin sau da yawa yanar ido ko jini a cikin ido ne ya hana hoton fita.

Akwai abin da hoto mai shafe ba zai nuna ba ko da ya yi kyau, wato kaurin retina idan ruwa ya taru a tsakiyarta. Wannan aikin na'urar OCT ne, wadda James Fujimoto da David Huang da abokan aikinsu suka bayyana a 1991, mai yanka retina da haske ta nuna hawa-hawanta. Ana ƙoƙarin ƙanƙanta ta, ciki har da aikin Adam Wax a Jami'ar Duke, amma har yanzu kayan cibiyar ido ce.

Ga jarirai kuwa, ƙaramin abu yana yin babban aiki. Arclight, wadda aka bunƙasa tare da Jami'ar St Andrews a Sikotlan, ba ta fi alƙalami tsawo ba, hasken rana ke cajinta, ana leƙa ido da kunne da ita, ana kuma iya manna ta a kyamarar waya. A ɗaki mai duhu, daga nisan kamu biyu, a haska idanun jariri biyu tare a duba hasken da ke dawowa. Ya kamata ya zama iri ɗaya a duka biyun. Fari tas a ido ɗaya, ko baƙi babu haske, ko bambanci tsakanin dama da hagu, na iya zama yanar ido ta haihuwa ko sankarar retina, kuma dukansu ba sa jira. A lura da cewa a yara masu duhun fata hasken kan fito ruwan lemo ko rawaya-rawaya maimakon ja, kuma wannan lafiya ne muddin idanun biyu sun yi daidai. Ma'aikacin da aka koyar da hotunan fararen yara kaɗai zai tayar wa iyaye hankali a banza, ko ya saba har ya daina kula. Idan ana shakka a duba idon uwar a kwatanta.

To, wa zai karanta hotunan? Nan ake kawo maganar ƙirƙirarriyar basira. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da IDx-DR, manhaja ta farko da ke yanke hukunci a kan illar suga a ido ba tare da likita ya duba ba. A gwajinta ta kama kusan kashi 87 na masu ciwon, ta kuma wanke kusan kashi 90 na marasa shi. Amma da takamaimiyar kyamarar tebur aka gwada ta, kuma wannan sakamako ba ya bin manhaja zuwa kowace kyamara. Masu binciken Google sun wallafa a 2020 abin da ya faru da tasu manhajar a asibitoci 11 a Tailan: ta ƙi karɓar kusan kashi 21 na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, galibi saboda hasken ɗaki, ga kuma jinkirin intanet da ya tsawaita layi. Manhajar da ke aiki a cikin wayar ba tare da intanet ba, irin wadda kamfanin Remidio na Indiya ke haɗawa da kyamararsa, ta kauce wa matsala ta biyu, ta farko kuwa sai da labule da horo.

Yana da kyau mai shirya aiki ya yi wannan lissafi a takarda kafin ya fara. A ɗauka an duba mutum 1,000, kuma 100 daga ciki suna da ciwon da ya kai a tura su. Na'ura mai waɗancan alƙaluma za ta kama 87, ta sallami 13 da ciwonsu. Daga 900 masu lafiya za ta tura 90 bisa kuskure. Ke nan mutum 177 za su nufi likitan ido, ban da waɗanda hotonsu bai karantu ba. Idan babu likitan da zai karɓe su, babu na'urar leza, babu allurar ido, abin da aka ba su shi ne labarin makanta mai zuwa da fargaba. Shirin Peek Vision, wanda Andrew Bastawrous ya faro daga aikin ido a Kenya, ya fahimci haka, shi ya sa ƙarfinsa ya koma kan bin sawun wanda aka tura har a tabbatar ya isa.

Madubin likita, wato wanda ake ganin ƙwayoyin cuta da shi a ɗakin gwaji, ya fi ko'ina nuna muhimmancin tambayar farko. Masu talla suna son faɗin yawan ninkin da na'ura ke yi, alhali abin da ya kamata a tambaya shi ne kaifinta, wato mafi ƙanƙantar tazara tsakanin abu biyu da za ta nuna su a rarrabe. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa madubi mai amfani da haske ba ya wuce kusan maikuron 0.2, kuma wannan sai da gilashi mai ninki 100 da ɗigon mai. Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford suka bayyana a 2014, yana da ɗan ƙwallon gilashi mai ninki 140 da kaifin kusan maikuron 2. Ƙwan tsargiya ya haura maikuron 100 a tsawo, da ƙayarsa a ƙarshe, saboda haka yana ganuwa. Duk da haka, a wani gwaji a Ghana da aka wallafa a 2015, Foldscope haɗe da waya ya kama kaɗan ne fiye da rabin masu tsargiya, domin filin da yake nunawa ƙarami ne, gefensa a dushe, kuma ƙwai ɗaya ko biyu a faifan gilashin da ake ɗora samfuri suna ɓuya. Shi ma samfurin yana da ƙa'ida: fitsari mililita 10, a karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana lokacin da ƙwai suka fi fita, a tace ko a bar shi ya kwanta.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro wata magana ce daban. Jan ƙwayar jini maikuron 7 zuwa 8 ce, zoben cutar da ke cikinta maikuron 1 zuwa 2. Na'ura mai kaifin maikuron 2 za ta nuna shi a matsayin ɗigo, kuma dattin rini ma ɗigo ne. Wanda ya sayar muku da irin wannan madubi don gwajin maleriya ya cuce ku. A nan waya tana da amfani ne idan an ɗora ta a kan idon cikakken madubi, da maƙali mai riƙe ta daidai, kuma an rina faifan yadda ya kamata: rinin Giemsa kashi 10 na minti 10, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60, da ruwa mai awon pH 7.2. Ruwan da ya yi tsami yana sa faifai ya yi ja, wanda ya yi kanwa-kanwa yana sa shi shuɗi, kuma babu kyamarar da za ta gyara wannan.

Misalin da ya fi burge mu shi ne LoaScope, daga ɗakin binciken Daniel Fletcher a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, domin an ƙera ta ne don tambaya guda. Maganin ivermectin da ake rabawa don makantar kogi yana iya taɓa ƙwaƙwalwa har ya kashe mutumin da jininsa ya cika da 'ya'yan tsutsar Loa loa, musamman idan sun haura 30,000 a mililita. Na'urar tana karɓar ɗigon jinin yatsa a siririn bututu, ba rini, ta ɗauki gajerun bidiyo, ta ƙirga tsutsotsin ta hanyar motsin da suke yi a cikin jini, cikin kamar minti uku. Da rana ake ɗiban jinin, domin da rana suke yawo. A gundumar Okola ta Kamaru an gwada mutum 16,259, aka ware waɗanda suka haura 20,000, aka ba kusan duk saura magani, kuma ba a sami mummunar illa ko ɗaya ba, kamar yadda aka wallafa a 2017. Abin da za ta gani babba ne kuma mai motsi, hukuncin da ke biyo baya kuma a bayyane yake: a ba da magani ko a hana.

Sankarar bakin mahaifa ta kama mata kusan 660,000 a 2022, ta kashe kusan 350,000, alhali ana iya tare ta shekaru kafin ta zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV, wadda ke jawo wannan sankara, daga shekara 30, ko 25 ga masu ɗauke da HIV, sannan a duba bakin mahaifar waɗanda aka samu da ita. A wannan mataki ne ƙananan kyamarori ke shigowa, irin EVA ta kamfanin MobileODT da ke tsayawa a waje, da siririyar kyamarar da Nimmi Ramanujam da tawagarta suka ƙera a Duke wadda ake shigarwa kusa da wurin. Bayan an sa ƙarfen buɗawa, a share majina da auduga mai ruwan gishiri, a ɗauki hoton farko. A shafa asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, a jira cikakken minti ɗaya da agogo, a ɗauki na biyu. Wurin da ya fara lalacewa yana yin fari mai kauri da iyaka a bayyane. Koren haske yana fito da jijiyoyin jini. Kurakuran su ne gaggawa kafin minti ya cika, da ruwan asid da ya kwana a buɗe ya salance, da ƙyallin fitila a kan jiƙaƙƙen wuri wanda ke kama da farin ciwo. Matatar haske biyu da aka gicciya, ɗaya a kan fitila ɗaya a kan kyamara, suna kashe wannan ƙyalli, don haka a tambaya ko na'urar tana da su. Dole kuma a ga duk zagayen layin da fatar waje ta haɗu da ta ciki, domin a nan ciwon ke farawa. Bayan shekara 50 layin kan shige ciki, hoto ya fito tsaf alhali ba a ga wurin da ake nema ba. Idan an ga tabo wanda bai kai kashi 75 na wurin ba, bai shiga ciki ba, kuma ba ya kama da sankara, ana iya ƙone shi a zama ɗaya da na'ura mai zafin digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane ɗorawa. Kyamara ba tare da wannan na'ura ba rabin aiki ce, domin matan da aka ce su dawo wata rana da yawa ba sa dawowa.

Launi ma abin lura ne. Waya an yi ta ne ta ƙawata hoto: tana gyara fari, tana ƙara ja, tana goge tabo. A hoton likita tabon shi ake nema, don haka a kashe duk wani saitin ƙawa, kada kuma a ja hoto da yatsa don ƙara girma, wannan ba ya ƙara kaifi. Launin fata yana canja yadda haske ke shiga ya dawo. Na'urar awon iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa ba hoto take ɗauka ba, amma darasinta ya shafi duk wani awo da haske: binciken da aka wallafa a 2020 a Amurka ya nuna ta ɓoye ƙarancin iska a kusan kashi 12 na awon baƙaƙen fata, a kan ƙasa da kashi 4 na fararen fata. Duk mai sayen kyamarar duba fata, ko mai awon ciwon shawara a jarirai ta fata, ko manhajar karanta hoto, ya nemi a nuna masa a kan wane irin mutane aka gwada ta.

Sai kulawa, wadda ita ce ke kashe yawancin kayan. Lora Perry da Robert Malkin sun tattara bayanan kayan asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka wallafa a 2011 cewa kusan kashi 38 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kulawa, da rashin abubuwa irin su wuta. A wurin damshi fumfuna na tsirowa a kan gilashi kamar saƙar gizo, ta ci rufin da ke kansa, ba ya gyaruwa. A ajiye gilashi a akwati mai rufewa ruf da ƙwayoyin silika masu shan damshi, a riƙa busar da su idan launinsu ya canja. A wurin ƙura kuwa a fara hure gilashi da ɗan famfon roba kafin a goge, domin goge ƙura a busasshe karce ne, kuma da takardar gilashi ake gogewa, ba da gefen riga ba. Batirin lithium ba ya son zafi, kada a bar shi a mota a rufe ko a yi cajinsa a rana. Abin da ya taɓa goshi ko fata lafiyayya ana goge shi da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Abin da ya shiga jiki ya taɓa danshin ciki yana buƙatar wanki sannan a jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyi mai ƙarfi, gwargwadon mintocin da mai ƙera ya rubuta, kuma a tabbata maganin ba ya cin roba ko gam ɗin na'urar.

Akwai lalacewar da ba a gani da ido. Maƙalin da aka ƙera wa waya iri ɗaya ya zama shara ranar da wayar ta fashe kuma an daina yin irinta. Manhajar da ake biya duk shekara tana kullewa ranar da tallafi ya ƙare. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, ƙananan ɗigon jinin da ake nema su narke, don haka a tura shi a matsayin fayil. Kuma hoton bakin mahaifar mace ko fuskar yaro amana ce. Bai kamata ya zauna a wayar ma'aikaci tare da hotunan iyalinsa ba. A ware wayar aiki mai makulli, a sa lamba maimakon suna, a nemi izinin mai jiki da bayani a harshen da yake ji, a goge hoton daga waya da zarar ya shiga ma'ajiya.

Saboda haka, Malam Edita, muna roƙon wakilanka, duk ranar da aka gayyace su bikin miƙa irin waɗannan na'urori, su yi wa masu miƙawa tambayoyi a gaban jama'a. Wace hukumar kula da kayan lafiya ce ta amince da na'urar, kuma don wane ciwo? Da wace babbar na'ura aka kwatanta ta, a kan mutum nawa? Hotuna nawa cikin ɗari ne ba sa karantuwa a hannun ma'aikacin da aka horar na kwana kaɗan? Wa ke sake duba wani kaso na hotunan duk wata don a kama kuskure? Ina ake samun batir da fitila da maƙali idan sun lalace, kuma shekara nawa mai ƙera ya yi alkawarin ci gaba da kawo su? Sannan su koma bayan wata shida su nemi a nuna musu rajista: mutum nawa aka duba, nawa aka tura, nawa suka isa, nawa aka yi wa magani.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'aikatan duban ido, ɗakin gwaji da gyaran na'urorin asibiti